Turarena da ƙudan zuman Dutsen Kagoro

"Alhaji, tsaya nan. Kar ka motsa."

Muryar Istifanus ke nan, abokina manomi, wanda ya nace sai ya nuna min Kafanchan daga saman Dutsen Kagoro. Muna kan wata siririyar hanya, dama dutse, hagu rami mai zurfi. Sai a lokacin na lura da ƙudan zuma suna fitowa daga tsagar dutsen, suna kewaya kaina.

"Ka sa turare?"

Ni fa sana'ata ke nan a kasuwa. Ko ƙofar gida ba na fita ban fesa ba.

"Cire hulan a hankali, ka jefar da shi. In ka gudu, rami ne zai kashe ka, ba zuma ba."

Ina salati a zuci, na jefar. Ya damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shafe min wuya, ya kama hannuna muka riƙa ja da baya. Shi suka fi harba, amma bai sake ni ba.

Da muka sauko, idonsa ɗaya ya rufe ruf don kumburi.

Ku fa, wa ya taɓa shan harbi saboda turarenku?