Aro Ne, Ba Kyauta Ba: Ta'aziyyar Malam Abdussamad Bature

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan la'asar, wasu mutum huɗu suka tare babur ɗin Malam Abdussamad Bature a hanyar Dayi zuwa Malumfashi. Suka kayar da shi da gora, suka rufe shi da sara. Dattijo mai shekara sittin da bakwai! Ya ɗaga hannu ya kare kansa, adda ta tsaga hannun. Kafin direban bas ɗin da ya tsince shi ya isa asibiti, rai ya yi halinsa. Daga gidana ya fito, kuma takardun shari'ata ne a jakarsa.

Malam, ni ne Awaisu, malamin firamaren nan mai zafin kai.

Shekara talatin ka yi kana magatakarda a kotu. Da ka yi ritaya sai ka shimfiɗa tabarma a zaurenka, duk wanda shari'a ta kama, ba shi da halin ɗaukar lauya, can yake nufa. Ko kwabo ba ka karɓa. Wata tsohuwa daga Ƙarfi ta kawo maka zakara, ka sa aka mayar mata da abinta har gida, ta yi ta mita wai ka raina ta. Ba ka shiga kotu ka yi wa kowa magana. Koya wa mutum kake yi ya tsaya da ƙafarsa: yadda zai jera zance, wa zai kira shaida, me zai tambaye shi.

Tawa shari'ar ta gona ce. Mahaifina ya ara wa maƙwabcinmu ita, duk kaka yana aiko mana da damin dawa guda, alamar gonar tana da masu ita. Da dattawan biyu suka rasu, 'ya'yansa suka daina aiko damin, suka ce gadonsu ce. Ƙanena Kamalu ya je yi musu magana, suka fasa masa kai da ƙotar fartanya, suka karya masa haƙarƙari biyu. Na wasa adda na sa a buhu. Matata ce ta riƙe mini riga tana kuka, ta ce don Allah in fara biyawa ta wurinka.

Ka dubi buhun ka ce, "Ajiye shi nan, Malam Awaisu. In ka sare su, su suna gona, kai kana gidan yari."

Sannan ka gyara zama ka ce, "Ni ne alƙali. Yaya gonar ta shiga hannunsu?"

Na ce, "Babanmu ne ya ba babansu."

Ka daki tabarma. "Shi ke nan, ka kayar da kanka! An rubuta kyauta."

A wurinmu nauyi ne mutum ya ce ya ara wa maƙwabci abu. "Na ba shi" muke cewa, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Ka ce a kotu abin da baki ya furta ake rubutawa, kuma da hannunka ka rubuta kalmar nan ta raba mutane da gonakin iyayensu, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ka ce abin da ya zaunar da kai a zauren ke nan. Ka sa na yi ta maimaita "aro" har na ƙule, kana dariya.

Ranar da abin ya faru, Baba Jibo ka zo gani, tsohon da yake kawo mana damin a amalankensa. Ka saurare shi, ka rubuta mini tambayoyin da zan yi masa a gaban alƙali, ka sa takardar a jakarka ka ce sai ka ƙara duba ta a gida. Na ce in raka ka, ka ce in zauna in yi bitar jawabina.

Ina cikin masu yi maka wanka, Malam. Sara bakwai na gani, ɗaya a wuya. Ba zan kira sunan kowa ba, maganar tana hannun 'yan sanda, amma wallahi jinina tafasa yake yi. A maƙabarta 'yan uwana suka kewaye ni suna cewa in ba su baki kawai, kafin magariba za a ga hayaƙi. Na hana su. Ba haƙurina ba ne, kunyarka na ji.

Allah Ya jiƙan ka, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka kabarinka, Ya tona asirin waɗanda suka yi maka wannan aika-aika. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Amatullahi, da 'ya'yanka Talha da Kausar, da duk talakan da ya taɓa zama a tabarmarka. Allah Ya ba mu haƙuri, amin.

Jiya Hajiya ta aiko mini da takardar tambayoyin nan. Tambaya biyar ka rubuta. Uku suna karantuwa, biyun ƙarshe jininka ya shafe su. Ranar Litinin kotu za ta zauna, kuma zan je. Waɗannan biyun ni zan nemo su da kaina.