Hausar Zango a Ajingi

A Kumasi aka haife ni, a zango, unguwar Hausawa baƙi, kuma da Hausa na buɗe baki. Kakana daga ƙasar Gaya ya taso da fataucin goro, ya zauna can bai koma ba. Shi ya sa da na gama karatun ungozoma, na ji ana neman masu aikin sa kai da za su yi shekara guda a asibitocin karkarar Kano, ban yi shawara da kowa ba na ba da sunana. A raina gida zan je.

Aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ajingi, aka sauke ni a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Iya. Abinci bai ba ni wuya ba, tuwon dawa da miyar kuka ba baƙina ba ne. Gaisuwa ce ta fara kayar da ni. Na gaida mai unguwa a tsaye, a taƙaice, na wuce, kafin la'asar labarin ya riga ni isa gida. Iya ta koya mini rusunawa, da tambayar gida da gona da gajiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan na karɓa ba musu, don mu ma muna girmama manya, salon ne ya bambanta.

Ranar awon ciki ta farko, shugaban asibitin ya ce in yi wa mata bayani kafin a fara. Suna zazzaune a kan benci da tabarmi, wasu daga Toranke, wasu daga ƙauyukan bayanta. Na miƙe na ce musu idan mace ya yi ciki, ya ga kafansa ya kumbura, kansa yana ciwo, kada ya zauna a gida. Haka muke faɗa a zango. Ba ma raba mace da namiji a magana, ƙafa da kafa kuma duk ɗaya ne a bakinmu. Sai wata daga can baya ta tambaya a hankali ko a ƙasarmu maza ne ke haihuwa. Aka yi dariya har da masu share hawaye da gefen hijabi. Na daure na ƙarasa bayanina.

Washegari shugaban ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ke ransa.

"Malama, ba raini ba ne. Ki riƙa yi da Hausarki, wata ma'aikaciya tana maimaita musu."

"Yallaɓai, ta fassara Hausa zuwa me?" na tambaye shi. "Da wannan harshen mahaifiyata ta rene ni. Wadda ba ta gane ba ta tambaye ni, bakina na nan. Amma ba zan tsaya kamar bebiya wata na magana a madadina ba."

Ya ce ni zan sha kunya, ba shi ba. Na ce kunyar tawa ce, zan iya ɗaukarta.

Da yamma na tarar da Iya tana ɓarar gyaɗa, na zauna na sa hannu, na ba ta labari ina jiran ta ce in bi maganar na gaba da ni. Sai ta ce kakarta daga Barno ta zo garin nan, har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce wa mace "ta" ba, an yi mata dariyar har an gaji, kuma duk mai neman irin gero mai kyau ƙofarta yake zuwa. Ta tura mini ƙwaryar gyaɗar gabana, ta ce, "Ke dai ki ɗaga murya, 'yar nan. Can baya ba a jin ki."

Na ɗaga kuwa. Duk ranar awo nakan miƙe da wannan maganar tawa, ban gyara ko harafi ba. Sauran Hausar ta riƙa shiga bakina da kanta, a kasuwa, a motar Kano, a tsakar gidan Iya, amma wannan jimlar da gangan na bar ta yadda take. Aka riƙa kwaikwayona a bakin rijiya da gidan biki. Wata rana a kasuwar Ajingi mai sayar da barkono ta tambaye ni ko kafansa ya warke. Na ce da sauƙi, ta ƙara mini barkono.

Da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, wani magidanci daga Toranke ya kawo matarsa a babur. Ƙafafunta sun kumbura, kanta na sarawa, jininta ya hau sosai. Ba ta taɓa zuwa awo ba. Mijin ya ce a wurin suna ta ji ana kwaikwayon maganar baƙuwar asibiti, da ta ga ƙafarta sai ta tuna, ta matsa masa ya baro gona. Muka ba ta taimakon farko, aka wuce da ita babban asibiti a Gaya, inda ta sauka lafiya. Shugaban namu dai bai sake tayar da maganar mai fassara ba.

Da shekara ta cika na koma Kumasi. Na rusuna na gaida ƙanwar mahaifiyata, na tambayi gida da gajiya da kowa da kowa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kira maƙwabta su zo su ji, wai 'yarsu ta dawo tana magana kamar rediyo. Na ce musu su saba, don wannan ma ba zan canza ta ba.