Rabi da Shafin Yaran Shekarar Fari

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta a Tozai, amma har yau in na ga kwamfuta a buɗe, ita nake fara tunawa.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, mata suka cika ɗan asibitin da take aiki a Isa, kowace da yaro mai tamowa a goye. Rabi ce mai kula da kwamfutar wurin. Shafin shigar da bayanan yara da ta tarar a cakuɗe yake, suna nan, nauyi can, har aka sallami ɗan wata Bafulatana da awon wani yaro mai irin sunansa. Da ƙyar aka ceto shi.

Sai ta zauna sake tsari. Ta zana iyaka a shafin, wato layin da zai kewaye bayanan kowane yaro, amma manhajar kwamfutar ta ƙi karɓar abu fiye da ɗaya a ciki. Na same ta tana fama, ko abinci ba ta taɓa ba, na ce ta haƙura.

"Yaya, ba ni bari," in ji ta. "Tunda abu guda taka ɗauka, akwati guda za ni sa mata, sauran duk su shiga cikinai."

Haka ta yi. Babban akwati a cikin iyaka, ƙanana a cikinsa, sunan yaro da na uwarsa da ƙauyensu ko rugarsu wuri ɗaya, awonsa a ƙasa. Ba a ƙara rikita yaro da yaro ba.

Rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka koma shan ruwan tafki, amai da gudawa ya ɓarke. Mutuwa rigar kowa. Rabi ba ta ga damina ta gaba ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau: gonaki sun koma saura, hanyar Bafarawa sai da addu'a, rabin dangi a gudun hijira. An ce bayan wuya sai daɗi, mu dai muna jira. Na san ba za ta tsaya kuka ba, aiki za ta nema.

An daɗe da sauya kwamfutar, shafinta ya tafi da ita. Babu allon da ke ɗauke da sunan Rabi. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A tsakanin Isa da Sabon Birni akwai yaran da ke kora awaki yau, ba su san ta ba, ba kuma za su sani ba. Ni na sani.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya shayar da ita daga Alkausara.