Baba Azariya da Wayar da Ke Kallon Yatsunsa

Kafin mata su gama sharar coci ranar Lahadi, Baba Azariya ya riga ya jingine kekensa a gindin mangwaro, ya yaye zanen da ke rufe da kibod, yana goge shi da gefen riga. Haka muka taso muka gan shi a Fadan Kagoma. Shi ya kaɗa mana ranar baftisma, shi ya kaɗa ranar aure, kuma duk wanda muka binne da kiɗansa aka raka shi. Waƙoƙin yarenmu da yake kaɗawa ba a rubuce suke ko'ina ba. A yatsunsa suke, yatsun kuwa sanyin ƙashi ya fara lanƙwasa su.

Da ya ce zai huta ƙarshen shekara, hankalin Roseline, shugabar mawaƙa, ya tashi. Ta ce a ɗauki bidiyon hannunsa daga sama, masu koyo su ga inda kowane yatsa ke sauka. Baba ya ce to, amma fa bai gane ba. Ya zo cikin babbar riga da doguwar hula, ya gyara zama yana neman kyamara a gabansa, sai ya hangi Roseline a kan benci tana ɗaure waya a jikin fankar silin.

"Ɗiyana, ni ina nan ƙasa. Wa za ki ɗauka a can?"

"Hannunka muke so, Baba, ba fuska ba."

"Fuskan ya yi laifi ne?"

Ana cikin waƙar farko aka kawo wuta. Fanka ta tashi, waya ta shiga zagaye, Roseline na ihun a kashe, shi kuwa Baba bai fasa ba don idonsa a rufe yake. Wanda duk ya kalli bidiyon nan sai da jiri ya kama shi.

Gershon kafinta ya kawo doguwar gora ya gicciya tsakanin tagogi biyu, aka ɗaure waya a tsakiya. Wannan karon hula ce ta cika hoton. Aka cire hula, sai ga sanƙo yana ƙyalli. Ashe Baba bai taɓa kiɗa da kai a ɗage ba. Tun yana saurayi yake sunkuyawa a kan kibod, don a wurinsa kiɗan nan addu'a ne.

"Ɗaga kai kaɗan, Baba."

Ya ɗaga, yatsun suka ɓata hanya a waƙar da yara ma suka sani. Ya sauke hannu a cinya, duk ya rikice.

"Kun ce in kaɗa, kun ce kar in sunkuya. Wanne zan yi?"

Gabanmu ya faɗi, don mun ga waƙoƙin suna shirin kuɓuce mana. Sai Gershon ya janye bencin da Baba ke zaune a kai, ya ɗauko 'yar gajeriyar kujera daga kicin ɗin zumuntar mata. Baba ya zauna ƙasa-ƙasa, ya sunkuyar da kansa yadda ya saba, hannun kaɗai ya rage a idon waya.

Da aka nuna masa, ya daɗe yana kallo.

"Hannun wane tsoho ne wannan?"

"Naka ne, Baba."

Ya juya nasa ya duba. "Ashe haka suka zama, ba wanda ya gaya mini." Roseline ta kau da kai tana share ido. Ya ce, "To, mai da wayan sama. Mu yi sauri, sauran da yawa."

Baba, kai ne ka riƙe mana waƙoƙin iyayenmu ba tare da ka nemi ko tafi ba. Kai ne ka zauna a kujerar kicin cikin babbar riga, don abin da har yau ba ka gama ganewa ba, saboda kawai mun roƙe ka. Mun gode, Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi. Ku kuma, in akwai irin hannun nan a cocinku, ku nemo gora tun yatsun suna motsi.