Dokin Ƙofar Inna

Duk ilimina na gini na kwana tara ne. Shekarar da hukumar En'e ta kwashe mu daga ƙauyenmu, nan kusa da Gazara, zuwa Makarfi gyaran barikin Bature, aikina miƙa tubali. Ko sau ɗaya magini bai bar ni na taɓa bango ba. Amma na dawo gida ina tafiya hannu a baya, ina duban katangun mutane ina girgiza kai.

A ɗakin Inna na fara sauke gwanintar. Ɗakin a gangare yake, duk damina sai ruwan tsakar gida ya leƙa ciki. Na kwaɓa ƙasa, na ƙara wa dokin ƙofa tsayin tafin hannu, na shafe shi sumul irin na bariki.

Abin da ban tuna ba, yanar ido ta daɗe da rufe ganin Inna. Da ƙafa take ganin gidan. Tun tana amarya ƙafarta ta haddace tsayin dokin nan, ga ƙofar gajera, dole ka sunkuya kana ɗaga ƙafa. Na gaya mata na ƙara, ta ce ta ji. Ƙafar ce ban gaya wa ba.

Kwana uku da gamawa, da hantsi, ta fito da ƙwaryar gero. Ƙarar da na jiyo daga zaure na ɗauka ƙwaryar ce. Ashe ƙugunta ne.

Maɗori ya zo daga Kudan, ya lalluba, ya tofa, ya ce wannan gurbin ba ya ɗoruwa a jikin tsohuwa. Muka shimfiɗe ta a tabarma.

Don haushi na sa fartanya na rushe dokin kaf, har da na asali. Wauta ta biyu ke nan. Ruwan da ya biyo baya ya sauko ina gona. Na tarar da ita kwance cikin ruwa, zani sharkaf, ta dogara da gwiwar hannu, awaki biyu sun fake a gefenta.

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini. In mayar da dokin ko in bari?"

Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Sarkin magina, an dawo?"

"Inna, don Allah."

"Mayar. Kai shi har gwiwa in ka so. Fita ɗaya ta rage mini, ita kuwa ba da ƙafata ba. Ka dai ce wa masu ɗaukata su dubi ƙasa, kada ku kayar da ni sau biyu."

Na mayar. Ruwa bai ƙara shiga ba. Kafin a yanke gero muka sunkuya muka fito da ita, ni ne a gaba, ina ce musu, "A hankali, a ɗaga ƙafa."