Fuskar Kaka Tsakanin Farin Gutra da Farin Labule

Ni na ci ful, dafaffen waken nan, a kan faifan haske. Gara in faɗa da bakina, domin a gidanmu labarin ya yi ta girma har wata gwaggona ta ce shagon na ƙona.

Shagon hoton na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, a wani lungu na unguwar Harra ta Yamma, tsakanin mai gasa gurasar tamis da mai gyaran firji. A ciki akwai fitilu biyu masu lema, da labule fari da mai ruwan toka, da wani faffaɗan faifai mai ƙyallin azurfa da ake karawa ƙarƙashin haɓar mutum ya mayar masa da haske a fuska. Da aikin Hajji ya zo, Kawu ya tafi Jidda ɗaukar alhazai hoto, ya bar mini makulli don in riƙa share ƙura kawai. Ran farko na sayo ful da tamis, na nemi faranti na rasa, na ga faifai. Man zaitun ya yi masa tabo kamar taswirar ƙasa. Na dirje da omo, azurfar ta bi kumfa. Sai na cusa shi bayan kabad na ce wa kaina ai dama ado ne.

Bayan Hajji, Kawu bai dawo ba tukuna, muka yi baƙo, ɗan ƙanwar kakana, daga can wajen Kano. Kaka ya baro gida tun yana saurayi, ƙanwar tasa ba ta ƙara ganinsa ba. Saƙo ɗaya ta ba ɗanta, ya kawo mata fuskar yayanta ta gani kafin idonta ya ƙarasa mutuwa. Shi kuwa Kaka ba ya shiri da hoto ko kaɗan. Aka yi ta lallashi, babana ya yi, baƙo ya yi har da ƙwalla, sannan Kaka ya ce ɗayyib, ya yarda, amma sau ɗaya. Ni kuma na miƙe a tsakiyar falo na ce ba sai an kai shi wajen bare ba, ga gwani a gida.

Kawu ya sha gaya mini cewa fatarmu ba a jifanta da haske daga nesa, lallaɓa ta ake yi. A matso da fitila kusa, ta gefe, faifai a ƙasa, labule mai ɗan duhu a baya, a auna haske a kumatu ba a riga ba. Duk na ji, amma irin jin da mutum ke yi hankalinsa na filin ƙwallo.

Bayan la'asar Kaka ya iso cikin farar jallabiya da ta sha guga, da farin gutra, mayafin nan na maza, a ka, gemu ma fari. Na dube shi, na dubi labule mai ruwan toka, na ga bai dace da dattijo ba. Na saki fari.

"Yalla, ya walad, yi sauri, yaro," in ji Kaka. "Ka zaunar da ni ƙarƙashin lema, ruwa ake yi a shagon naku?"

"Haske za ta zubo maka, tsoho. Yau sai an yi zaton ango ne."

"Angon da zai ƙwace maka budurwa, in kana da ita. Na san ba ka da ita."

Tunda babu faifai, na ja fitilun biyu baya na ƙure musu ƙarfi, ɗaya ma na juya ta ga labule, wai in cike gurbi. Na kai ma'aunin haske kusa da kumatunsa.

"Cire mini wannan abin daga gemu."

"Aunawa zan yi."

"Ni buhun shinkafa ne? Auna can ƙasa."

Na auna a ƙirjinsa, kan farar riga. Na leƙa kyamara, na danna, ɗakin ya yi walƙiya. Kafin in murɗa fim in ƙara, ya riga ya kai bakin ƙofa yana neman takalmi.

"Kaka, ɗaya kawai, don Allah."

"Halas, an gama. Na ce ɗaya."

Na kai fim wanki unguwar Aziziya, na dawo ina cika baki har ƙannena suka daina cin abinci kusa da ni. Ran da na je karɓa, mai wankin ya zaro hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko akwai mutum a cikin rigar. Jallabiya ta fito har ana ƙirga zarenta. Gutra ya fito, gemu ya fito. Tsakaninsu kuwa wani baƙin rami ne, kamar bakin tanderun tamis bayan an kashe wuta. Na roƙe shi ya ƙara haske. Ya ƙara, riga da labule suka narke suka zama abu guda, fuskar ta koma toka-toka, babu hanci babu ido.

Na buga wa Kawu waya daga akwatin wayar bakin titi, na gaya masa yadda hoton ya fito.

"Ina ka sa faifan?" in ji shi.

"Yana hutawa."

"A ina ka auna?"

Kuɗin wayar ya taimake ni ya ƙare.

A gida Kaka ya riƙe hoton nesa da idonsa ya ce rigar ta yi kyau, a gaida mai guga. Kowa ya yi dariya ban da baƙo. Shi ya karɓa ya juya shi wajen taga, ya karkata, ya sake karkatawa, ko wani abu zai fito. Na durƙusa gaban Kaka, babu wasa a bakina karon farko a rayuwata, na ce akwai wani shagon hoto a unguwar Ranuna, ni zan riƙe masa takalmi har can. Ya ce shi ya cika alkawarinsa, wanda bai cika nasa ba ya san kansa.

Baƙo ya tashi ran Alhamis. Abin da ya tafi da shi ɗan ƙaramin hoto ne da babana ya ɓamɓaro daga wata tsohuwar takardar asibiti, rabin hatimi ya hau kan haɓar Kaka.