Akuya a Gindin Shato

Har gobe ban manta da ranar da Isuhu ya zo da farin akwatin nan ba. Ni ce mai gadin fonfon makiyaya, wato famfon ruwansu, da ke hanyar Birnin Lalle. Tun rasuwar maigidana aka bar mini aikin, kuma ba a taɓa samun ɓarna a wurina ba. Ku da aka ɗauka aiki bana, ku saurara.

Ga yadda aikin yake. Akwai ƙananan na'urori uku: ɗaya cikin rijiya tana auna ruwa, ɗaya a shato, wato tankin sama, ɗaya kuma a jikin inji tana jin zafinsa. Waya guda ce ta ratsa su duka. Kowace da lambarta, kuma babu wadda ke magana sai an kira ta. Isuhu shi ne teknisiyen, wato mai gyara, sama da shi akwai shef, babbansu, a biro, wato ofis, can Dakoro, wanda ban taɓa sa wa ido ba. Duk wata Isuhu kan zo bisa moto, wato babur, ya soka wayar a ordinatarsa, kwamfutar da yake yawo da ita, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, su ba shi amsa.

Yakan ce, "Inna, 'ya'yanki sun kwana lahiya?"

In ce, "Tambaye su mana, ai kai ka jin yarensu."

Sai in dama masa hura, mu zauna a inuwa. Da damina, idan makiyaya suka yi arewa da dabbobi, wata kan kama ya mutu ban yi hira da kowa ba sai shi.

Ranar da nake faɗa, farkon damina ce. Ya kafa akwatin a bango, ya haɗa shi da wayar, ya ce, "Inna, daga yau wanga akwati zai riƙa kiran su, ya aika ma biro amsarsu ta rezo, irin na salula."

Na ce, "To kai hwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni sai in wata na'ura ta yi shiru. In waya ta tsinke, dole shef ya turo ni."

Ban ce ya riƙa leƙo ni ba. Ni ba na roƙon mutum. Na bi shi da addu'a har ƙarar moto ta ɓace.

Can tsakiyar damina ruwa ya zaizaye rairayi a gindin shato, wayar ta fito fili. Wata safiya ina shara, sai ga wata ɓatacciyar akuya ta kama ta da baki. Na tsaya riƙe da tsintsiya. Wallahi na san in na kau da kai kaɗan, kafin Juma'a Isuhu yana zaune a tabarmata. Kuma wa zai ga laifina? Akuya ce.

Amma can biro za a ce fonfon tsohuwa ya lalace. Wannan kam, a'a.

Na jefe ta da tsintsiyar, ta ruga. Na duƙa na duba, haƙori bai shiga ba. Na binne wayar, na yanko ƙaya na jibge a kai. Sannan na koma inuwa na sha hurata ni kaɗai.

Isuhu bai zo ba, don babu abin da ya lalace. Abin da na gane game da aikin nan shi ne, wanda ya riƙe wurinsa da kyau shi ake daina zuwa dubawa. Ku masu moto, in hanya ta biyo da ku, ku tsaya ku gaida mai gadi ko da waya lafiya take.